Rahoton ayyukan shekara daga teburin sakatare

Assalamu alaikum ƴan uwa, ranku ya daɗe iyayen ƙungiya. Mitin ɗin wata-wata mun yi su duka banda na watan azumi, mahalarta kuma kusan fuskoki ɗaya ne kullum.

Abin da ya fi faranta min rai a bana shi ne horon kwana biyu da muka yi wa yara a Tudun Wada kan zanen bishiya da Inkscape, manhajar zane a kwamfuta. Kun san abin da ya jawo shi, mun gaji da ganin banar dashen itatuwa a cikin Kaduna ɗauke da bishiyar ƙasar Turawa mai tsini da aka sauko da ita daga intanet, alhali ga kuka ga tsamiya ga darbejiya a ƙofar gidan kowa. Ranar farko ba mu buɗe laftof ba sam, wurin shaƙatawa na Gamji muka kwashe yaran, muka ce kowa ya tsaya ya kalli bishiya da idonsa ya ɗauki hoto a waya, ya duba inda reshe ya fita da yadda gindi ya zauna a ƙasa. Washegari kowa ya ɗora hotonsa a shafin ƙasa ya kulle, ya bi ta sama da alƙalamin Bezier, wanda sunan wani injiniyan kamfanin motar Renault ne a Faransa, Pierre Bézier, shi ya yaɗa irin wannan lanƙwasa tun shekarun 1960 wajen tsara jikin mota, yaran sun ji daɗin wannan labari sosai. Mun hana su Trace Bitmap, wanda ke mayar da hoto zane da kansa, don yana cika zane da ɗigo-ɗigo barkatai har ka rasa wanda za ka ja.

Akwai wata yarinya ƴar aji uku da ta zo da hoton goruba daga ƙauyensu, ita da kanta ta lura cewa goruba kashi biyu take rabuwa, kowane reshe kuma ya sake rabuwa biyu, sai ta zana ɗaya ta danna Ctrl+D ta kwafe shi ta juya shi ta rage masa girma, kafin la'asar ta haɗa bishiya sukutum. Da muka buɗe zanen muka yi ta ƙara masa girma a bango bai fashe ba ko kaɗan, nan ne suka gane bambancin bekta da hoton waya, wannan lissafin layi ne, wancan ƙwayoyin fiksel ne, wallahi har tafi suka yi. Sai kuma Baba mai gadin wurin, ya leƙo ya ga wani yaro ya yi wa gawo ganye shar ga ciyawar damina a ƙarƙashi, ya kira shi ya ce yaro gawo ai da damina yake zubar da ganye, da rani yake tohowa. Mu da muke koyarwar babu wanda ya lura, a take aka gyara. Allah ya saka wa waɗanda suka ba da aron laftof da wanda ya sayi man janareta daga aljihunsa.

Toh sai maganar kundin zanen bishiyoyinmu na gida da muka yi alkawarin kammalawa a raba kyauta. Bai kammala ba, kuma ina so a ji dalili kafin a ci gaba da maganganu a bayan ido. Kuka, goruba, giginya, tsamiya, darbejiya da gawo an gama su. Ɗorawa, kaɗanya, rimi da maɗaci waɗanda suka ɗaga hannu suka karɓa har yau ko gindi ba su turo ba, wani ma ya daina ɗaga wayata. Tsamiya kaɗai ta ci mana kusan wata guda, ganyenta ƙanana ne jere bibbiyu, laftof ɗin ƙungiya kuma ta tsufa, da ganye ya yi yawa sai ta sanƙare, sai da muka koma yin kulon da Alt+D, wato kwafi mai bin na asali, ka gyara ganye ɗaya sauran duk su bi, sannan aiki ya tafi. Mutum uku ne ke wannan aikin da daddare bayan sun taso daga shago, in an kawo wuta.

Kalanda ma ba ta fito ba. Inkscape da tsarin launi na RGB yake aiki, wato na sikirin, injin buga takarda kuma na CMYK, wato na tawada, masu firintin namu kuma manhajar CorelDRAW suka saba da ita, da muka kai PDF aka buga gwaji sai koren ganyen ya fito a dushe kamar an bar shi a rana. Gyara yana buƙatar gwaji na biyu, asusu kuma babu komai. Masu cewa mu koma manhajar Illustrator, kuɗinta da dala ake biya duk wata, da me za mu biya? Dalilin da ya sa tun farko muka tsaya kan Inkscape ke nan, kyauta ne.

Kuɗin wata kuwa ko rabinmu ba su biya cikakke ba, ni da ma'aji mun bi mutane har Rigasa da Kawo da kuɗin motarmu, a ce mana gobe, goben ba ta zuwa. Abin da ya fi min ciwo, wasu daga cikin waɗanda ba su biya ba su ne na farko wajen neman fayil ɗin kuka don su yi wa kwastoma aiki, mun zama inuwar giginya ke nan, masu wahalar ba su ne ke morewa ba. Wanda yake cikin matsi ya same ni a gefe mu yi magana, babu wanda zai ji.

Dan Allah kafin mitin mai zuwa kowa ya biya abin da ake binsa, masu riƙe da ɗorawa da kaɗanya da rimi da maɗaci kuma su kawo ko rabin aikin ne, a SVG, wato fayil ɗin Inkscape, a kan filas, kar a turo min hoton sikirin ta WhatsApp, ba zan iya gyara shi ba.

Wassalam,
Sakatare