Yaya, kar a sake gini a kwarin nan

Assalamu alaikum Yaya. Ina kwananku, ina gajiya, ya haƙuri da abin da ya samu? Allah ya mayar da alheri. Don Allah ka zauna ka karanta ma Inna wanga saƙo tun daga farko har ƙarshe, kar ka tsallake inda bai maka daɗi ba, na san halinka.

Hotunan da auta ya turo ta WhatsApp na gan su. Wallahi ranar kasa aiki na yi, ina ɗauke da bokitin siminti a bene na uku nan Abijan ina gina ma wasu gidan da ko ruwan wata guda ba zai taɓa ba, ɗakin Inna kuwa ya zama tulin laka, rumbu ya kife, har tsohon tukunyar Baba na hango cikin taɓo. Mun gode Allah tunda ba a rasa rai ba, don cikin garin Maradi kanshi ruwan ƙarshen watan 8 na 2024 ya ci mutane, mun ji a rediyo, kuma kwana kaɗan bayan nan tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Abin da ya kada masallacin da ya fi shekara ɗari ai ɗakinmu ba komai ba ne wurinshi.

Na turo jika 150, ka je Tibiri ka amsa. Ba su da yawa amma ka saurare ni kan yadda za a kashe su, don auta ya ce min har kun fara maganar kwaɓa ƙasa ku mayar da ɗakin inda yake. Haba Yaya! Sau nawa Gulbi zai shigo mana gida kafin mu gane? Ko Maradi da kake gani can ƙasa take a da, bakin Gulbi, sai da ambaliyar 1945 ta rushe ta sannan aka hau tudu, Baba ya sha ba mu labarin nan Allah ya jiƙanshi. Gari guda da sarkinshi ya tashi ya bar kwari, mu da ɗaki uku mun ce gidan gado ne. Filinmu na tudu kusa da gawon nan yana nan ba abin da ake da shi sai ɗaure jaki. Na san Inna za ta ce rijiya ta yi nisa kuma maƙwabtanta suna ƙasa, gaskiya ne, amma ka je ka samu mai gari da Kawu, in gida huɗu ko biyar sunka tashi tare ai an yi unguwa.

Kuma ginin, ko na ƙasa ne, a yi mishi gindi. Abin da na koya nan ke nan: ba ruwan sama kaɗai ke kada ɗaki ba, ruwan da ya kwanta ne yake cin bango daga ƙasa har ya zauna. A haƙa tushe da zurfi, a jera bulon siminti layi uku ko huɗu sannan a ɗora tubali, daɓen ɗaki ya ɗara tsakar gida tsawo, a sa indararo mai tsawo da zai watsa ruwa nesa da bango. Na ji gwamnati ta rage kuɗin siminti a 2024, ka tambaya da kyau a kasuwa kafin ka biya. Kuɗin leburori kar ka kashe ko dala, a kira gayya, mu ma mun yi ma mutane, fura da goro ne kawai naka. Rumbu shi ma a ɗaga shi kan duwatsu.

Lakwal ɗin da kuke kwana ba wurin zama ba ne, an ɗage komawar yara zuwa 28 ga watan 10 na 2024 amma ranar za ta zo, kuma ba na so a ce Inna da shekarunta ana kwashe mata tabarma. Ko bukka ce ku kafa a tudun tun yanzu. Ku saya sange, sauro bayan ambaliya ba wasa, yaro ya yi zazzaɓi a kai shi likita ranar, ba sai an gwada saƙe-saƙi kwana uku ba. Ruwan rijiyar ƙasa kuma masai sun zube ciki, a tafasa.

Sai maganar ci. Geron da ya tsira a gonar jigawa a fara ware iri a ɓoye inda hannu ba ya kai, ko yunwa ta yi yaya. Ka tuna 2005 da munka cinye iri munka sayar da awaki a banza, damina ta zo muna neman bashi wurin ƴan kasuwa, buhu guda ka biya biyu da kaka. Awakin Inna kar a taɓa su yanzu, kowa kai nashi yake kasuwa, ba daraja. In akwai sauran hatsi a bankin cimaka na gari ka sa sunanmu. Fadamar da ruwa ya cinye kuwa ni ban yanke mata ƙauna ba, ya bar laka mai kyau kuma ruwa na kusa, da ya janye ku sa tumatir, albasa da zogale, mutanen Jiratawa da rani suke ci. Auta ya bar maganar tahowa nan, ɗaki guda mu bakwai muke kwana, ya tsaya ya riƙe bayin ruwa, in aiki ya yi kyau ƙarshen shekara zan turo a haɗa kuɗin injin ban ruwa da ƴaƴan Kawu.

Ka gaishe da Gwaggo, da matarka da yara, da liman. Ka ce ma Inna goron da take so yana nan zan ba direban da zai taho. In ka amshi kuɗin ka yi min bip in kira, kuma ka turo min hoton tushen in an haƙa, da mutum tsaye ciki don in ga zurfinshi.

Ƙanenka, daga Abijan.