Lambu na nan a gida, amma ganyen ba ya kaiwa bakin yara

Assalamu alaikum Hajiya. Da fatan kina lafiya, ke da masu sauraron shirinki.

Mu ma'aikatan lafiya ne da malaman gona a yankin Dukku, jihar Gombe. Damuwarmu ƙarancin bitamin A ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Alamarsa ta farko dundumi: da magariba yaro ya fara lalube. Daga nan farin ido ya bushe, ya yi tabo kamar kumfa, idan kuma ƙyanda ta same shi a haka, ana iya rasa idon.

Ana ɗiga wa yara maganin bitamin A a baki sau biyu a shekara, shuɗin ƙwanso mai awo 100,000 ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja mai 200,000 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Amma tsakanin ɗigo da ɗigo abinci ne ke riƙe yaro.

Shukar ganyen da ke ba da bitamin A ba ta da wuya, ko a buhu ana yi. A huda gindin buhu, a cika shi da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, domin ɗanye yana ƙone tsiro. A cuɗa irin alayyahu da yashi kafin a yafa, don kada ya fito a cunkushe. Cikin mako huɗu an fara tsinka. Zogale idan ya kai ƙugu a datse kansa ya yi rassa. Da rani ruwan alwala da na wanke hatsi sun isa buhu biyu, ban da mai sabulu. A kewaye da kara saboda awaki. Dankalin Hausa mai launin ruwan lemo a ciki kuwa, ƙarami ɗaya, kamar giram 125, ya ishi yaro buƙatarsa ta yini.

A tukunya ake asara. Ana shanya ganye a rana tsaka, alhali a inuwa ya kamata. Ana dafa shi ba mai, ga shi jiki ba ya tsotsar wannan sinadari sai da maiƙo; ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa ya wadatar. Sannan yaro kunu zalla ake ɗura masa, kwaɗon zogale na manya ne, wani ma na talla. Kakanni na cewa ganye na sa yaro gudawa, ƙwai kuma na koya masa sata, uwa ba ta isa ta ja da surukarta ba.

A nan muke neman shawararki, Hajiya. Da wane lafazi za a tunkari kaka ba tare da ta ga an raina renonta ba? Kuma ta hannun wa ya fi a biyo wa maigida, liman ko mai unguwa, har ya yarda a ware wa lambu wuri a tsakar gida, a kuma cire rabon yaro kafin a ɗora tallan?

Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Daga ma'aikatan lafiya da malaman gona, Dukku.