Godiya ga Ma'aikatan Gandun Eryri da ke Pen-y-Pass

Zuwa ga ma'aikatan Hukumar Gandun Eryri, gandun shaƙatawa na ƙasa da aka fi sani da Snowdonia, musamman na ofishin Pen-y-Pass, ɗaya daga wuraren da ake fara hawan dutse, a arewacin Wales.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne, don yabon gwani ya zama dole, kuma don masu niyyar hawan Yr Wyddfa, dutsen da 'yan Ingila ke kira Snowdon, su san inda ya kamata su fara tsayawa.

Mu uku muka iso da sassafe, ba abin da ke ranmu sai ƙololuwa. Mita 1,085, dutse mafi tsawo a Wales, mu hau mu ɗau hoto mu sauko kafin yamma. Wata ma'aikaciyarku ce ta tare mu. Kafin ma ta kalli fuskarmu sai da ta kalli takalmanmu, ta girgiza kai a kan na abokina mai santsin ƙasa. Ta faɗa mana ana sa ran hazo zai rufe saman dutsen da tsakar rana, kuma kada sauƙin hanyar da za mu bi, wadda ake kira hanyar masu haƙar ma'adinai, ya ruɗe mu, don daga tafkin Glaslyn take miƙewa tsaye. Sannan ta karɓi taswirarmu ta zagaye wurare uku da biro, ta ce ko ba mu kai sama ba, kada mu wuce waɗannan ba mu tsaya ba.

A gaskiya na ɗauka irin maganar nan ce ta sallamar baƙo. Ashe tafiyar ke nan gaba ɗaya.

Zagaye na farko kangaye ne kusa da tafkin Teyrn, inda masu haƙar jan ƙarfe suke kwana a da. Rufi ya tafi, sai bangon dutse. Na shiga ɗaya na tsaya, iska na shigowa ta ko'ina, hannuna cikin safa amma yana daskarewa, na rasa yadda mutum zai wuni cikin rami ya dawo ya kwanta a nan. Na biyu hanyar da aka cike da duwatsu ta ratsa tafkin Llydaw a 1853, don a samu ta fitar da kaya daga mahaƙar Britannia. Na uku kufan injin niƙa dutse a gefen tafkin. Kamfani bayan kamfani sun gwada sa'arsu a mahaƙar nan, ribar ba ta taka kara ta karya ba, har aka rufe ta a 1916. Hanyar da muke takawa don nishaɗi, wasu don neman abin kai wa baka suka shimfiɗa ta.

Bututun da ke gangarowa daga Llydaw ma, da na ɗauka na ruwan sha ne, tashar lantarki ta Cwm Dyli yake kai wa ruwa, wadda ke aiki tun 1906.

Muna isa Glaslyn maganarta ta tabbata. Hazo ya sauko kamar an saki labule, mutanen da ke gabanmu suka ɓace mana cikin 'yan mintoci. Muka ɗan yi gardama, abokina yana cewa ai an riga an zo, sai ya dubi takalminsa ya yi shiru. Muka juya.

Ina kuma jinjina wa masu gyaran hanya a cikinku. Dutsen da fiye da mutum rabin miliyan ke hawa a shekara, ba don duwatsun da kuke jerawa ɗaya bayan ɗaya ba, da tuni ƙafa da ruwan sama sun mai da hanyoyinsa kwazazzabai. Na ji daɗin yadda tun 2022 hukumarku ta tsaya a kan sunayen asali, Eryri da Yr Wyddfa, ko da yake har yanzu harshena na tuntuɓe wajen furta na biyun.

Ban tambayi sunan ma'aikaciyar ba, laifina ne. Don Allah ku isar mata cewa mutum ukun nan sun sauko lafiya, taswirar da ta zana tana wurina, kuma abokina ya sayi takalmi mai ƙaya. Ƙololuwa na bin mu bashi, za mu dawo da bazara in Allah ya kai mu.

Naku cikin girmamawa,
Ɗaya daga cikin baƙinku