Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Sa Ido a kan Jingar Bakin Kogin Haɗeja

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa membobi.

Kwamitin kula da jinga yana gabatar muku da abin da ya gudanar daga ƙarshen kakar bara zuwa janyewar ruwan bana. Tun bayan ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje a Ringim da Auyo da Kafin Hausa, muka daina jiran watan Agusta kafin mu leƙa jingarmu, domin ruwan da ke zuwa mana daga dam ɗin Tiga da na Challawa ba ya shawara da kowa, kuma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyinsa tana sa shi ya daɗe yana jingine da ƙasar da muka tara.

Da rani mun kafa turaku a jere a kan doron jinga, muka riƙa ja musu igiya duk wata, saboda turken da ya kauce daga layi ko ya nutse shaida ce cewa ƙasar da ke ƙarƙashinsa tana motsi. Mun tone shuri da ramukan gafiya, muka cike su da laka ana daɓewa kaɗan-kaɗan, sannan muka dasa jema da kirikiri a gangaren da ruwan sama ke zaizayewa.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu shi ne sintirin damina, dare da rana, a bayan jinga ta ɓangaren gonaki. Mun koya wa matasa su bambance tsattsafo iri biyu. Idan ruwan da ke fitowa garau yake, sai a rubuta wurin a littafi a ci gaba da dubawa. Idan kuwa ya fito da laka ko yashi, to cikin jingar yake rarakewa, kuma tana iya ɓallewa alhali kogi bai kai bakinta ba. Irin wannan wuri ba a toshe shi, kewaye shi ake yi da buhunan yashi har ruwan ya taru ya rage ƙarfi. Haka muka yi a kusurwar da ke kusa da mashayar dabbobi, Allah kuma ya tsare. Dattawan da suka ga ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba su buƙaci dogon bayani ba.

Abin da ya ɓata mana rai shi ne har yanzu wasu daga cikinmu suna ɗibar ƙasar bulo a gindin jinga, wanda daidai yake da sare ƙafar abin da ke tsare gidajensu. Mun kai maganar gaban dagaci.

Ruwa ya janye da sauri bana, gangaren ɓangaren kogi ya zabtare a wuri guda, kuma akwai tsaga a samansa. Muna roƙon kowane gida ya turo mutum ɗaya da shebur ko kwando ranar gayya, da zarar an gama girbin shinkafa.