Kunnen 'Yata Ya Daina Ciwo, Amma Bai Daina Zubar da Mugunya Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Likita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka na shirin lafiya, na rubuto ne a kan 'yata mai shekara 7, wadda kunnenta na dama yake zubar da mugunya tun ƙarshen hunturun da ya wuce. Da mura da toshewar hanci abin ya soma, zazzaɓi ya biyo baya, ta riƙa kwana tana kuka tana dafe da kunnen, har wata safiya muka tarar da ruwa mai kauri a kan matashinta, zafin kuma ya ɗauke kamar an zare ƙaya. Mutanen gida suka yi hamdala, suka ce ƙurji ne ya fashe. A shirinku ne na ji cewa idan zafi ya ɗauke a daidai lokacin da ruwa ya fito, sau da yawa dodon kunne ne ya huje, kuma mura ce take haddasa hakan, domin akwai wata 'yar hanya tsakanin bayan hanci da cikin kunne wadda gajera ce a jikin yara, ƙwayoyin cuta suna saurin bi ta cikinta.

Zubar takan tsaya ta dawo, musamman idan ta sake yin mura, ko ruwa ya shiga kunnen wajen wanka ko wankin kai kafin kitso, kuma yanzu har wari take yi. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ba mu maganin ɗigawa da na sha ba tare da ya leƙa kunnen ba. Hajiya kuwa, mahaifiyar maigidana, wadda ba na shakkar ƙaunarta ga jikarta, tana ɗiga mata man zaitun mai ɗumi ko ruwan albasa, ta share kunnen da gashin kaza, tana cewa haka ta reni 'ya'yanta kuma ciwon yakan bar yaro da kansa idan ya girma.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jinta ya ragu. Idan aka kira ta daga ɓangaren dama ba ta waiwayowa sai an ɗaga murya, in ana magana kuma takan juyo kunnen hagu tana kallon bakin mai maganar. Malamarta ta boko ta ce hankalinta ba ya kan darasi, a Islamiyya kuma haddarta ta ja baya, har an fara danganta abin da taurin kai, alhali yarinya ce mai son karatu. A ranar 3 ga Maris, ranar da aka keɓe domin lafiyar ji a duniya, na ji an ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara daga abubuwan da za a iya kauce musu yake samuwa, irin su ƙyanda da sanƙarau da wannan ciwon da ake bari ya daɗe. Ba na son sakaci ya sa 'yata ta shiga cikin wannan adadi.

Don haka, Likita, ina roƙon ka fayyace mini: shin hujin dodon kunne yana haɗewa da kansa bayan watanni ana zubar, ko sai an yi aikin liƙe shi? Idan ya haɗe, jinta zai dawo yadda yake? Na kuma ji cewa maganin ɗigawa mai ɗauke da gentamicin ko neomycin yana iya lahanta can cikin kunne idan dodon a huje yake, shi ya sa likitoci suka fi ba da ciprofloxacin. Shin in dakatar da wanda ke hannuna har a duba ta? Ta yaya zan riƙa tsane mugunyar ba tare da tsinken auduga ba, kuma da me zan toshe kunnen lokacin wanka? Wace alama ce, kamar kumburi a bayan kunne ko jiri ko ciwon kai mai tsanani, take nuna cewa kada a jira wayewar gari?

Maigidana ya amince mu je Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, tunda ba mu da nisa da ita, sai dai yana son sanin ko sai mun fara karɓo takardar tura mara lafiya daga asibitin kusa. Ina kuma roƙon ka yi wa iyayenmu bayani a kan mai da ruwan albasa cikin lafazi mai taushi, domin Hajiya tana sauraren shirinku, kuma za ta fi karɓar maganar daga bakinka fiye da daga bakin surukarta.

Allah ya saka da alheri.

Mai sauraronku a kullum,
wata uwa daga Zariya