Zabura 105:15 ba ta hana a tambayi fasto ba

Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista a kan wata aya da muke ɗora mata kayan da ba nata ba.

Da zarar wani ya tambayi inda kuɗin baikon coci ya shiga, ko wata mata ta kawo ƙarar shugaban ikkilisiya, sai a jawo Zabura 105:15, inda Allah ya ce kada a taɓa shafaffunsa, wato waɗanda ya keɓe wa kansa, kada kuma a cuci annabawansa. Daga nan kowa ya kama bakinsa don tsoron la'ana.

To, a koma aya ta 12 a karanto. Zancen Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan. Sarakuna Allah ya tsawata wa saboda su: Fir'auna a Farawa 12, da Abimelek a Farawa 20, dukansu a kan Saratu, matar Ibrahim. Wato ayar tana kare marar ƙarfi ne daga mai iko. Mu kuwa mun juya ta, mai iko ne ke tsare kansa da ita daga gwauruwar da ta zo da kuka. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ba na cewa kada a ɗauki tsohuwar aya a yi aiki da ita yau. Manzo Bulus da kansa ya ɗauko dokar da ta hana sa wa bijimi takunkumi yana sussuka, daga Maimaitawar Shari'a 25:4, ya kafa hujja da ita a 1 Korintiyawa 9 cewa mai wa'azi ya cancanci abincinsa. Amma ai manufar dokar ya bi, wato mai aiki ya ci guminsa.

Masu kawo misalin Dawuda da Saul ma su ƙarasa babin. A 1 Sama'ila 24 Dawuda ya ƙi kashe Sarki Saul a kogo don shafaffe ne na Ubangiji, amma yana fitowa ya ɗaga murya ya faɗa masa laifinsa ƙiri-ƙiri. Annabi Natan ya tsaya gaban Dawuda kan zancen Uriya, wanda Dawuda ya sa aka kashe ya kuma ɗauke matarsa, Bulus kuma ya tsawata wa Bitrus a Antakiya a gaban jama'a. 1 Timoti 5:19-20 har ta shimfiɗa hanya: kada a karɓi ƙarar dattijo sai da shaidu biyu ko uku, in kuma laifi ya tabbata a tsawata masa a gaban kowa.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ina roƙon dattawan ikkilisiyoyinmu da shugabannin zumuntar mata su ware rana a karanta Zabura 105 gaba ɗayanta, a kuma bar jama'a su yi tambaya.

Naka,
Mai karatu daga Wusasa, Zariya