Sanarwa: zaman tuna Arrogate a Riyad

Assalamu alaikum ƴan uwa masoya sukuwa, iyayenmu da yayyenmu na wannan gurup barkanku da warhaka.

Kun dai san 2 ga watan Yuni ita ce ranar da Arrogate ya mutu a 2020, dokin marigayi Yarima Khalid bin Abdullah, yana ɗan shekara 7 kacal. To a ranar in sha Allah za mu haɗu a istirahar da muka saba, wato gidan shaƙatawar nan, bayan sallar isha'i mu kalli tserensa tare, musamman na Dubai 2017 da aka tashi aka bar shi can baya amma ya dinga cin su ɗaya bayan ɗaya har ya wuce dokin nan Gun Runner, wallahi har yau in na kalla sai tsigar jikina ta tashi. Yaranmu da yawa ba su san shi ba, a zo da su don Allah.

Kowa zai kawo riyal 20, a miƙa wa ma'aji kafin Alhamis. Gahawa da dabino za a saya, ragowar mu kai wa ƴan uwanmu masu aikin barga. Mai hotonsa ko bidiyo ya turo nan, mai mota kuma ya faɗa don a ɗauki dattawa.

Allah Ya bar zumunci, na gode ƙwarai.